Babu Sunansa a Dosiyena

Laraba, 17 ga Yuni, da hantsi

Kwana goma da shiga takaba. Jiya muka dawo Birni daga Zermu, ni da surukata Iya Gana, bayan an yi sadakar bakwai jama'a sun watse. Ɗakinsa na gidan kakanninsa yana nan yadda muka bar shi. Rigar aikinsa tana rataye a ƙusa, da baƙin mai a hannun dama. Ban taɓa ba.

Wannan littafin na darasin taswira ne. Na juya shi ta baya na fara rubutu, don in ban rubuta ba zan yi wa wani rashin kunya, kuma an ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Masu gaisuwa sun cika tsakar gida. Kowa ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, in ce to. Daga asuba zuwa yanzu na ce "to" sau talatin da ɗaya.

Laraba, bayan la'asar

Husaina ta zo. Ƙawata ce, ajinmu ɗaya a jami'a, shekarar ƙarshe ta lisans, wato digirin farko. Ta yi kukanta, ta share, sannan ta zauna tana murza waya a hannu. Na san ta. In tana murza abu, to da magana a bakinta.

"Raudatu, ban so in faɗa miki yau ba."

"Faɗi. Me ya rage?"

Ta nuna mini hoton jadawalin jarrabawa. Alhamis, biyu ga Yuli, ƙarfe takwas, taswira a babban ɗakin lacca, Amfi A. Wannan tamu ce ta bana. Alhamis, biyu ga Yuli, ƙarfe takwas, ƙididdiga a Amfi B. Wannan ta 'yan shekara ta biyu ce, wadda na faɗi bara nake jan ta har yanzu. Rana ɗaya, sa'a ɗaya, ni kuma mutum ɗaya.

Na ce ai ba yau aka fara ba, ana rubuta takarda a sauya wa mutum lokaci. Ta ce haka ne, amma cikin kwana biyar na aiki daga ranar da aka liƙa jadawali, kuma mutum ya je da ƙafarsa ya sa hannu. An liƙa ran Talata tara ga wata. An rufe shekaranjiya Litinin.

Ran tara ga wata ina Zermu a kan tabarma.

Na san sauran dokar, ba sai ta karanta mini ba. Wanda bai zauna jarrabawa ba kuma bai da hujja, ba shi da damar ratirafaj, wato zagaye na biyu da ake yi wa waɗanda suka faɗi. Ni kuwa na riga na maimaita aji sau ɗaya. Bana ce ta ƙarshe da aka yarda mini. In na rasa ɗaya daga cikin biyun nan, an sallame ni, shekara huɗu sun tafi.

Alhamis, 18 ga Yuni, da safe

Na ce wa Iya zan je jami'a. Ta dube ni kamar na ce zan je wasan biki.

"A kwana goma sha ɗaya? 'Yata, a garinmu mai takaba ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

"Iya, ku yi haƙuri. Dole ce."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta aika a tambayi limamin unguwa. Ya ce in lalura ce in fita da rana, ba ado ba turare, in dawo kafin magariba. Ta ji, ta ce to, amma ƙafata ƙafarta. Ta ciro wata 'yar wuƙa daga ƙullin zanenta ta sa mini a jaka, wai haka ake yi wa mai takaba a Zermu. Ban san wa ake so in yanka ba. Zuwa yamma dai na samu mutum biyu uku da suka cancanta.

Alhamis, bayan magariba

Sikolarite, ofishin da ke riƙe da takardun ɗalibai, taga ɗaya gare shi mai ƙarfe, mutum kusan hamsin a layi. Iya ta shimfiɗa ɗankwali ƙarƙashin dogonyaro ta zauna da carbinta. Wanda ke bayan tagar Malam Sallau ne, dattijo mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na ji sauƙi.

Ya saurare ni har na gama. Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Ya ce akwai hanya: ana karɓar takardar sauyi a makare har jajiberin jarrabawa, ɗaya ga Yuli da sha biyun rana, in dai akwai hujja. Hujja iri biyu ce. Rashin lafiya da takardar likita, ko rashin uwa, uba, ɗa, miji ko mata, da takardar rasuwa da kuma takardar da ta nuna dangantaka.

Ya tashi ya ɗauko dosiyena, wato fayil ɗin takarduna, ya buɗe, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana dubawa.

"Madamazel, a nan an rubuta ba ki da aure." Madamazel ake ce wa marar aure, mai aure kuwa Madam.

Na ce an ɗaura mini aure wata goma sha huɗu da suka wuce, a masallacin Juma'a na Zermu, an raba goro, mutum ya fi ɗari biyu.

"Ban musa ba. Ina takardar meri?"

Babu. Ba mu taɓa zuwa meri, ofishin magajin gari, an rubuta auren ba. Kullum gobe, kullum gobe.

Iya ta tambaye ni a hanya me suka ce. Na ce sun ce in kawo takarda.

Juma'a, 19 ga Yuni, da hantsi

Kwana goma sha biyu. Na yi wanka, na wanke kai. Na ci tuwo loma uku don Iya tana kallona.

Litinin, 22 ga Yuni, bayan azahar

Meri. Takardar rasuwa ba ta ba da wahala ba, asibiti sun riga sun rubuta tasu tun ranar. Na karɓa na ninke na sa a jaka kusa da wuƙar. Ban karanta ba.

Sai teburin aure. Wata matashiya ce, ta sha lalle har gwiwar hannu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Takardar aure? Ku zo tare da mijin da shaidu biyu. Ina angon, kunya yake ji?"

Na tsaya. Iya ce ta matso ta ce, "Ba zai samu zuwa ba, yarinya." Sai a lokacin ta ɗago, ta ga hijabina da fuskata ba kwalli, ta gane. Ta kama baki, ta yi ta ba da haƙuri har na fara jin tausayinta, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Ta ce lokacin rubuta aure a meri ya wuce tuntuni. Yanzu sai kotu, alƙali ya ji shaidu ya tabbatar an yi auren.

Talata, 23 ga Yuni, da yamma

An ba mu rana a kotu: Talata mai zuwa, talatin ga wata. Magatakarda ya ce in an gama da wuri zai ba ni 'yar shaida ta wucin gadi a ranar, in kai jami'a washegari kafin sha biyu. Daidai wa daida, ba rarar ko yini ɗaya.

Shaidu: Baba Nomau, ƙanen mahaifinsa, wanda ya karɓa masa auren, da Malam Mansur limamin da ya ɗaura. Dukansu suna Zermu. Na kira Baba Nomau. Ya ce, "In sha Allahu, 'yata, ko da rarrafe ne za mu zo." Ya tambayi lafiyar Iya. Ya ce gari ya yi zafi, ƙasa ta bushe, iri yana rumbu, kowa ya zuba wa gabas ido.

Laraba, 24 ga Yuni, da hantsi

Na buɗe ƙididdiga. Shafi ɗaya na karanta sau shida.

Shi ne yake yi mini tambayoyi ran Asabar in ya dawo daga Tirmini. Mai gyaran famfon ruwa ne, bai san komai a ciki ba, amma sai ya riƙe littafin ya haɗe rai kamar babban malami, ya karanta Faransanci yana karya shi gida uku, in na yi dariya ya ce an cire mini maki biyu.

Rigar tana nan. Ban taɓa ba.

Alhamis, 25 ga Yuni, bayan la'asar

Na je wajen duwayan, shugaban tsangayarmu. Sa'a uku a kan benci, minti huɗu a ciki. Ofishinsa akwai sanyi. Ya ce ya ji labarina, ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Ya ce in ya buɗe mini ƙofa ba takarda, gobe ɗalibi ɗari za su zo kowa ya kashe kakarsa. Na ce ni ba kaka na kashe ba. Sakatariyarsa ta daina buga na'ura.

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce kwamitin malamai zai zauna goma ga Yuli ya yanke sakamako. In jajiberi ya wuce ni, in kawo takardar kotu kafin ranar, zai ajiye a gabansu. Bai yi alkawari ba. Sau biyu ya ce bai yi alkawari ba.

Da na fito na tarar Iya ta yi ƙawa da mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa. Tana gaya mata wai surukarta ce za ta zama mai zana ƙasa. Ban taɓa sanin ta san abin da nake karantawa ba.

Asabar, 27 ga Yuni, da yamma

Asabar. Duk babur da ya shigo lungu sai na ɗaga kai.

Lahadi, 28 ga Yuni, bayan azahar

Ni da Iya muna tsince shinkafa. Na lura da wani abu. Kwana ashirin da ɗaya muna ɗaki ɗaya, ba wadda ta kira sunansa. Ita ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗa ba, sai "yaron nan" ko "mijinki". A Zermu ma, ranar da aka kawo shi, matan gida suna ta ihu, ita tana zaune tana kallon ƙasa, don uwa ba ta nuna ɗan fari ko a ranar. Ni kuma da duk bokona ban iya kiran sunan miji ba, haka na ga uwata tana yi. A wayata "Shi" na rubuta. Yana tsokanata wai ko ɓarawo ya ɗauki wayar ba zai san wa zai kira ba.

To ga mu nan, mata biyu a kan tabarma, muna ta "shi" da "yaron nan", kamar wanda ya tafi kasuwa.

Hadari ya haɗo daga gabas.

Litinin, 29 ga Yuni, da safe

An kwana ana ruwa. Ruwan shuka ne, na farko mai ƙarfi a bana. Lungun gidan nan ya zama kogi, yara suna ta murna. Iya ta tsaya bakin ƙofa ta miƙa hannu ruwan indararo yana zuba mata, ta ce alhamdulillahi. Sai ta juyo ta dube ni. Ita ta riga ni ganewa.

Litinin, bayan la'asar

Baba Nomau ya kira. Ina jin iska da muryoyin mutane a bayansa, yana gona.

"'Yata, kin ga yadda Allah ya yi. In ba mu sa iri yau da gobe da jibi ba, laima ta tafi. Gona huɗu ce a wuyana yanzu, har da tasa. Liman ma yana tasa gonar. Ba za a iya ɗaga mana zuwa wani mako ba?"

Na buɗe baki in ce shekara huɗu. Sai na tuna bakin mutum goma sha tara da ke cin geron nan, har da Iya. Na ce to, Baba. Allah ya ba da damina mai albarka.

Na kashe waya na shiga bayi na daɗe.

Talata, 30 ga Yuni, da azahar

Kotu ta ɗaga zuwa takwas ga Yuli.

Daga can na wuce sikolarite, ban san me na je nema ba. Ba layi. Malam Sallau ya duba hagu da dama, ya matso da bakinsa jikin ƙarfen taga.

"Madamazel, ni ban ce miki komai ba. Amma dokar hujja biyu ta ce. Ta biyun ba ta neman meri, ba ta neman alƙali. Zazzaɓi ne, damina ce, wa zai tambaya? Ina da 'ya kamar ki. Gobe sha biyu nake rufewa."

Talata, bayan magariba

Husaina ta shigo tana haki, da ambulan a cikin hijabi. Ashe ita ma an ba ta shawarar. Wani ɗan'uwanta yana aiki a wani ƙaramin asibiti. Takarda ce tsaf, da hatimi da sa hannu. Ta ce Madamazel Raudatu Idirisu ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro daga takwas zuwa sha shida ga Yuni.

"Kowa yana yi, Raudatu. Wallahi rabin ajinmu sun taɓa yi. Ki miƙa kawai, a sa miki taswira ran Asabar, shi ke nan."

Na ce na gode. Da gaske na gode, ta yi kasada saboda ni.

Ta tafi. Takardar tana kan cinyata. Bari in rubuta abin da nake ta kewayewa.

Na rubuta a baya wai kullum gobe, kullum gobe, kamar shi ne mai goben. Ƙarya na yi wa littafin nan. Sati biyu da bikinmu ya sa sabuwar shadda ya ce in tashi mu je meri. Ni na ce a'a. A site, gidan kwanan ɗalibai, marasa aure ake fara ba ɗaki, kuma ina son ɗakin, ga wuta ga kusa da aji, shi kuma duk mako yana ƙauyukan Tirmini. Na ce ya bari in gama. Da aka zo sabunta rajista bana, ni da hannuna na sa alama a akwatin marasa aure, yana tsaye a bayana ya kawo ni a babur. Ya gani. Ya yi dariya ya ce, "To, madamazel, in kin gama sai in zo neman aurenki." Amma a hanyar komawa bai yi magana ba har Birni.

Ya sake tambaya sau biyu. Na ƙarshe a watan Mayu.

Laraba, 1 ga Yuli, ƙarfe ɗaya

Na je. Na shiga layi da ambulan a hannu. Sha ɗaya da rabi na iso taga. Malam Sallau ya ga ambulan ya saki fuska, ya miƙo hannu ta ƙarƙashin ƙarfe.

Na ciro takardar. Idona ya faɗa kan kwanan watan. Takwas ga Yuni.

Ran takwas ga Yuni lafiyata ƙalau. Na yi wanki, na shanya, ina cin ɗanwake a ɗakin Husaina aka kira ni da lambar da ban sani ba. In na miƙa takardar nan, abin da za a ajiye a dosiyena har abada shi ne a ranar sauro ya cije ni.

"Kawo mana, lokaci yana tafiya."

"Malam, ban yi zazzaɓi ba."

"Na sani, 'yata. Kawo."

"Na taɓa cewa ba ni da shi sau ɗaya. Ba zan ƙara ba."

Ya bar hannunsa a wurin kamar minti guda. Na bayana suka fara tsaki. Na fita daga layi.

Husaina ta ce ni mahaukaciya ce, ta faɗa da kuka. Ta ce shi da kansa, da yana raye, da zai ce in miƙa. Gaskiya ta faɗa, da zai ce. Shi ya sa na kasa.

Iya ba ta san me ke cikin ambulan ba. Na ba ta ta hura wuta da ita.

Alhamis, 2 ga Yuli, bayan azahar

Na yi dabara irin ta wanda dabara ta ƙare masa. Na shiga ƙididdiga ƙarfe takwas, na rubuta kamar ana bi na da bulala, tara saura kwata na miƙa takarda. Ba a barin kowa ya fita kafin nan. Daga Amfi B zuwa Amfi A fili ne na yashi, jiƙe da ruwan jiya. Na tattare hijabi na ruga. Mai takaba tana gudu a tsakiyar jami'a, takalmi ɗaya ya maƙale a laka, ban tsaya ba. Iya tana ƙarƙashin dogonyaro, ta miƙe tsaye.

An rufe ƙofa. Mai tsaron jarrabawa ya leƙo ya nuna mini agogo. Bayan minti talatin ba a shiga. Na ce sa'a ɗaya ta ishe ni, rabin sa'a ma. Ya ce ba shi ya yi dokar ba. Kowa a wurin nan ba shi ya yi dokar ba, ban san wane aljani ya yi ta ba.

Ta taga na hango kujerata, lamba sittin da huɗu, da farar takarda a kai. Taswira ce darasin da na fi kowa iyawa a ajin. Husaina ta ɗago ta gan ni, ta sunkuyar da kai.

Iya ce ta je ta ciro takalmin, ta wanke shi a famfo ta kawo mini.

Asabar, 4 ga Yuli, da yamma

Kwana ashirin da bakwai. Ba abin rubutawa.

Laraba, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Sun zo. Baba Nomau da Malam Mansur, tun da sassafe, hannuwansu duk kanta, ƙasar gona a bakin wandunansu. Baba ya kasa haɗa ido da ni. Na gaishe shi har ƙasa don ya daina.

Alƙalin ba tsoho ba ne, kuma Hausa ya yi mana. Ya tambayi liman, ya tambayi Baba, magatakarda yana rubutawa. Sai ya ga Iya a bayana ya ce wace ce. Aka ce mahaifiyar mijin. Ya ce ta matso, shaidarta ta fi ta kowa.

"Iya, wannan matar ɗanki ce?"

"Ita ce."

"Mene ne sunan ɗan naki?"

Baba Nomau ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne, bari in faɗa." Alƙali ya ce ya sani, shi ma ɗan fari ne, amma shaida daga bakin mai shaida ake rubuta ta. In ba za ta iya ba, ba laifi, a bar ta.

Iya ta dube ni. Ta gyara lulluɓinta. Shekara talatin da ɗaya ba ta faɗa ba.

"Sha'ibu," ta ce. Muryarta ta fito ƙarama kamar ba tata ba. Sai ta sake, da ƙarfi, ba wanda ya tambaye ta. "Sha'ibu. Sunansa Sha'ibu."

Daga nan ta durƙushe a gaban teburin alƙali ta yi kukan da ba ta yi a Zermu ba. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Ni na riƙe ta.

Alƙali ya tabbatar da auren. Na tambayi magatakarda 'yar shaidar wucin gadi. Ya ce wancan makon ne da zai iya, yanzu mai sa hannu ya tafi taro Yamai, sai ya dawo.

Juma'a, 10 ga Yuli, da hantsi

Yau kwamiti yake zama. Jiya na kai wa duwayan wasiƙa da hannuna cewa kotu ta tabbatar, takarda tana tafe. Sakatariya ta karɓa ta ɗora kan wasu.

Laraba, 15 ga Yuli, da azahar

Takarda ta fito. Shafi ɗaya, hatimi biyu. Sunansa a sama, nawa a ƙasa. Ban taɓa ganinsu a takarda ɗaya ba sai yau. Na karanta wa Iya, na fassara mata layi layi. Ta ce in sake karanta wurin sunayen.

Alhamis, 16 ga Yuli, bayan la'asar

An liƙa sakamako. Ƙididdiga sha huɗu bisa ashirin, darasin da ya kayar da ni bara. Taswira: ba ta zauna ba, babu hujja. A ƙarshen layin, kalma ɗaya da jan biro. An sallame ni.

Husaina ta ci. Na rungume ta, kuma har zuciyata na yi mata murna, ko da yake ba zan ce ban ji wani abu ya soke ni ba.

Na shiga layin sikolarite. Da na iso, Malam Sallau ya cire tabarau ya ce ya yi magana a kaina, ba a ji ba. Na ce na sani. Na tura masa takardar kotu da ta rasuwa ta ƙarƙashin ƙarfe.

"Ba za su yi aiki ba yanzu. An rufe dosiyen."

"Ban kawo don su yi aiki ba. Ku buɗe ku sa a ciki. Ku gyara akwatin nan kuma."

Ya dube ni. Ya tashi ya ɗauko dosiyen daga tarin waɗanda aka ɗaure da igiya, ya kwance, ya sa takardun a sama. Ya ɗauki biro ya soke alamar da na yi da hannuna, ya sa wata a inda ya kamata, ya buga hatimi a gefe. Ya juyo da shi don in gani.

"Shi ke nan, Madam. Allah ya jiƙansa."

Na ce amin. Na bayana ya riga ya turo tasa takardar.

Juma'a, 17 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Kwana arba'in. An yi waina an raba, malamai sun yi addu'a a zaure. Baba Nomau ya aiko a ce gero ya tsiro a duk gonakin huɗu, har da tasa.

Gobe Husaina za ta kwaso mini kayana daga site, an ce a ba da makulli kafin Litinin. Ɗakin da na riƙe ke nan.

Da mutane suka ragu na sauke rigar daga ƙusa. Iya ta ce in kawo ta wanke. Na ce a bari tukuna. Ta zauna kusa da ni, ta kama hannun rigar mai baƙin man, na kama ɗayan.

Saura shafi ɗaya rubutun nan ya haɗu da darasin taswira da ke tahowa daga gaba. Bari in rubuta tun da sauran wuri.

Sha'ibu Mahamud ya mutu ran Litinin, takwas ga Yuni, a hanyar Tirmini. Mijina ne.

Saura kwana casa'in.